ALLURAR CIWON DAJI DAGA GANYE TA FITO

A ƙauyukan Adar, daga Barmu har Takanamat, ana cewa ciwon daji ba ya son allura. Shi ya sa mace mai ƙullutu a nono take zama gida tana shan sassaƙe har ciwo ya ci ƙarfinta. Alhali wasu alluran ciwon daji daga tsiro aka samo su.

Jikin mutum da ƙananan ƙwayoyi aka gina shi, kamar ɗaki da tubali. Ido ba ya ganin su. Idan waɗansu suka yi ta hayayyafa babu tsayawa, shi ne ciwon daji.

A tsibirin Madagaska akwai wani ɗan tsiro mai farin fure ko ja-ja. Mutane suna shan ganyensa don ciwon suga. Masu bincike a ƙasar Kanada suka gwada shi. A 1958 suka fitar da wani sinadari daga ganyen, mai suna vinblastine. Daga baya aka samo ɗan'uwansa, vincristine. Aikinsu shi ne hana ƙwayar ciwo ta rabu biyu. In ba ta rabu ba, sai ta mutu. Da vincristine, haɗe da wasu magunguna, ake warkar da yara masu dajin jini da masu dajin muƙamuƙi.

To, me ya hana a jiƙa ganyen a sha? Sinadarin kaɗan ne ƙwarai. Sai an tara busasshen ganye kilo 500 kafin a samu giram 1 na vinblastine. Kuma dafi ne: lokotoro ne yake auna shi daidai da jikin maras lafiya.

An gwada itatuwan ƙasarmu ma. Ruwan tumfafiya yana kashe ƙwayoyin daji a cikin kwalbar bincike. Amma kwalba daban, jikin mutum daban. Kowane makiyayi ya san abin da nonon tumfafiya yake yi wa ido. Kada a zuba shi a gyambo.

Wanda ya ga ƙullutu, ko gyambon da ya ƙi warkewa, ko jini ba lokacin al'ada ba, ya tafi likita mafi kusa. Daga can a aika shi babban asibitin Tawa. In ta kama, a kai shi cibiyar yaƙi da ciwon daji ta Yamai. Ciwon da aka tara da wuri ya fi jin magani. Tun da ɗanye ake tanƙwara icce.