3.4 Kiyaye Bokitin Gaban Tarakta Yayin Baje Ƙasa

Tun daga shekarar 1991 da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, aka mai da Dutse babban birninta, aikin cike filaye da gyaran hanyoyin burji ya yawaita a garin da kewayensa. Ganin cewa hayar gireda tana da tsada, manoma da 'yan kwangila sukan koma ga tarakta mai bokiti a gaba domin baje ƙasa. Sai dai ainihin aikin wannan bokiti shi ne ɗiba da ɗagawa, saboda haka baje ƙasa da shi yana buƙatar lura.

Babban abin da ke jawo ɓarna shi ne kifa bokitin gaba ɗaya, bakinsa ya kafe a ƙasa, sannan a ja tarakta da baya. A wannan hali sandunan silinda masu juya bokiti sun fito iyakar tsawonsu, watau sun kai matuƙar rauninsu. Bugu da ƙari, idan direba ya saki liba, man da ke cikin silinda a kulle yake, kuma a taraktoci da yawa bawul ɗin da ke rage matsin mai ba ya kai musu ɗauki. Da zarar bakin bokiti ya ci karo da abu mai tauri, sai sanda ta lanƙwashe ko tiyon mai ya fashe.

Yanayin ƙasar yankin yana ƙara wannan haɗari. A kewayen Dutse da Birnin Kudu akwai duwatsu binne ƙarƙashin ƙasa, ga kuma marmara da ke taurara da rani. A wajejen Kiyawa da Jahun kuwa, inda rairayi ya fi yawa, laushin ƙasa kan ruɗi direba ya ƙara gudu har ya haɗu da kututture.

Matakan kiyayewa su ne kamar haka:

(a) A zagaya filin da ƙafa, a cire duwatsu da kututture kafin a fara.
(b) A karkata bokiti kaɗan kawai, yadda gindinsa zai kusan kwanciya a ƙasa.
(c) A sa libar ɗagawa a matsayin da bokiti zai bi ƙasa da nauyin kansa, kada a danna shi har tayoyin gaba su tashi.
(d) A yi tafiya da ƙaramar giya, a guji tunkarar tudu da kusurwa ɗaya, domin hakan na murɗe hannuwan bokiti.
(e) A fasa ƙasa mai tauri da garma tukuna, kuma a riƙa sa giris a mahaɗai.

Muhimmancin waɗannan matakai yana fitowa fili idan aka tuna cewa daminar yankin gajeriya ce, daga wajen Yuni zuwa Satumba. Taraktar da ta lalace gab da faɗuwar ruwa takan kwana a garejin bakanike ana jiran kayan gyara daga Kano, alhali manoman da suka dogara da ita lokacin huɗa yana wuce su.