Soket mai kariya da makunnin fitila a akwati ɗaya: yadda ake wayarin banɗaki lafiya

A ƙauyukan Dambatta, Makoda, Bichi da Kunchi, gidaje da dama sun koma ginin bulo, banɗaki ma ya samu siminti da ƙwan fitila. Idan sanyin hunturu ya kama, sai a fara neman inda za a jona hita a ɗumama ruwan wanka. A nan ne maigida kan ce wa mai wayarin ya haɗa masa soket da makunnin fitila a akwati ɗaya, don a rage fasa bango da kuɗin waya. Hakan mai yiwuwa ne, amma akwai ƙa'idojin da idan aka tsallake su, jiƙaƙƙen hannu ɗaya ya isa a yi asarar rai.

Me ya sa bireka kaɗai ba ta isa ba?

Wutar da KEDCO ke rabawa a Kano, Katsina da Jigawa tana zuwa gidaje da ƙarfin bolt 230. Fis ɗin filogi mai ƙafa uku ba ya wuce amf 13, kuma aikinsa shi ne hana waya ƙonewa idan kaya sun yi mata yawa. Wutar da za ta iya tsayar da zuciyar mutum kuwa ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na amf guda ba. Wato mutum na iya maƙalewa a jikin bokiti, fis da bireka ba su ko motsa ba.

Na'urar da ke lura da wannan ita ce RCD. Tana auna wutar da ta fita ta wayar wuta da wadda ta dawo ta nutural. Idan suka bambanta da miliamf 30, ta san wuta na zurarewa ta wata hanya, wataƙila ta jikin mutum, sai ta katse cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. A Amurka ana kiran irinta GFCI, amma tasu an yi ta ne don wutar bolt 120. Idan aka ci karo da ita cikin kayan gwanjo, ba ta dace da gidajen Najeriya ba.

Inda akwatin zai zauna

Akwatin ya kasance a bangon waje, kusa da ƙofar banɗaki, ba ciki ba. Ƙa'idar wayarin ta Birtaniya, wadda tsarin soket ɗin Najeriya ya samo asali daga gare ta, ta hana kafa soket na yau da kullum kusa da wurin wanka sai da tazarar aƙalla mita biyu da rabi. Banɗakunan karkara kaɗan ne ke da wannan faɗin. Idan bangon yana fuskantar tsakar gida inda ruwan damina ke duka, a sa akwati mai murfi da roba a bakinsa. A zaɓi mai zurfi kuma mai gida biyu, don kada wayoyi su matsu.

Tsarin haɗawa

Launin waya iri biyu ne a kasuwa. A tsohon tsari ja ce wayar wuta, baƙa nutural, koriya wayar ƙasa. A sabon tsari ruwan ƙasa ce wuta, shuɗiya nutural, mai kore da rawaya ta ƙasa. Soket yana son waya mai kaurin milimita 2.5, fitila kuma 1.5.

Abu mafi muhimmanci shi ne kariyar ta riga komai a kan layi. Yawancin soket masu RCD irin na Birtaniya abin da aka jona a jikinsu kawai suke karewa, fitilar da ke maƙwabtaka da su ba ta ciki. Don haka hanya mafi kyau ita ce a sa RCD mai miliamf 30 a babban allon rarraba wuta na gida, ta rufe layin soket da na fitila gaba ɗaya.

Idan layi ɗaya ne ya zo akwatin, ba a ɗaukar siririyar wayar fitila kai tsaye daga bayan soket, domin birekar soket ta fi ƙarfinta. Ana ratsa ta cikin ƙaramin gidan fis mai amf 3 ko 5, sannan ta wuce makunni. Idan layi biyu ne suka zo, kowanne ya riƙe nutural ɗinsa. Haɗa nutural ɗin fitila da na soket na iya sa RCD ta riƙa faɗuwa da zarar an kunna fitila, har mai gida ya gaji ya sa a cire ta. A kuma manna alama a cikin murfin cewa bireka biyu ke ba akwatin wuta, don mai gyara na gaba.

Makunni kullum wayar wuta yake yankewa. Idan aka sa shi a kan nutural, fitila za ta mutu amma mazaunin ƙwan yana ɗauke da wuta, mai canza ƙwai ya sha ja. Wayar ƙasa kuwa sai ta isa soket, ta isa akwatin in na ƙarfe ne, ta isa fitilar.

Janareto, sola da busasshiyar ƙasa

A yankin, wutar gida takan sauya tsakanin ta KEDCO, janareto da inbata. Wasu ƙananan janareto da inbata ba a haɗa nutural ɗinsu da ƙasa ba, kuma a irin wannan yanayi RCD na iya kasa ganin zurarewar wuta. Dole mai wayarin ya gwada kariyar a kan kowace irin wuta da gidan ke amfani da ita. Sandar ƙarfen da ake kafawa a ƙasa ma tana rage aiki idan rairayi ya bushe da rani, shi ya sa ake nitsa ta sosai a wuri mai danshi, a kuma auna ta da mita.

Kafin a rufe akwati

A kashe babbar bireka, a cire janareto, a tabbatar da mita cewa babu wuta kafin a taɓa waya. Bayan an gama, a danna maɓallin gwaji da ke jikin RCD. Idan ba ta katse nan take ba, aikin bai kammala ba. A riƙa maimaita wannan gwaji duk bayan 'yan watanni.

Hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke ba masu wayarin shaidar ƙwarewa, kuma maigida na da ikon neman ganin takardar kafin ya ba da aiki. Ko da kariya ta zauna daidai, ƙa'idar hita ba ta canza ba: a ɗumama ruwan a waje, a zare filogi, sannan a tsoma hannu.