Mutuwar injin mota a cikin tafiya

Mutuwar injin mota a cikin tafiya ita ce tsayawar da inji ke yi da kansa alhali mota tana kan hanya, ba tare da direba ya kashe ta ba. Direbobi da makanikai kan ce "mota ta mutu" ko "ta ɗauke". Matsalar tana da haɗari, domin da zarar inji ya tsaya, sitiyari da birki sukan yi tauri a yawancin motoci. Dalilai da dama ne ke haddasa ta, amma yanayin da motar ta mutu a cikinsa, wato ko ta yi gargaɗi tukuna ko kuwa ta ɗauke farat ɗaya, shi ne ke fara nuna inda ya kamata a bincika.

Abin da inji ke buƙata

Yawancin motocin fetur suna aiki ne da tsarin bugu huɗu wanda Bajamushe Nikolaus Otto ya ƙera injinsa a shekarar 1876: inji ya shaƙi iska da mai, ya matse su, fulogi ya kunna musu wuta, sannan ya fitar da hayaƙi ta salansa. Don haka inji yana buƙatar abubuwa huɗu a lokaci guda: mai, iska, tartsatsin wuta, da kuma daidaiton lokaci tsakaninsu. Fetur yana ƙonewa sosai ne idan aka haɗa kashi 1 nasa da kimanin kashi 14.7 na iska bisa nauyi. Idan ɗaya daga cikin huɗun ya yanke, inji zai tsaya. Injin dizal ba ya amfani da tartsatsin fulogi, zafin matse iska ne ke kunna man, shi ya sa mutuwarsa ta fi zuwa daga ɓangaren mai.

Matsalar mai

Motar da mai ya yanke mata takan yi gargaɗi. Tana fizga, ƙarfinta yana raguwa, musamman a hawan tudu ko idan aka taka totur, kafin ta mutu. Abin da aka fi samu shi ne ƙarewar man kansa, wani lokaci saboda allurar da ke nuna yawan mai ta lalace. Bayan wannan sai toshewar filtar mai da gajiyar famfon mai. A motoci masu injekta famfon yana cikin tanki, kuma man da ke kewaye da shi yana taimakawa wajen sanyaya shi, saboda haka yawan tafiya da ɗan mai kaɗan yana iya rage masa kwana. Famfon da ya gaji yakan tsaya idan ya ɗauki zafi, ya dawo aiki bayan ya huce.

Gurɓataccen mai ma yana jawo haka. Ruwa ya fi fetur nauyi, yana kwanciya a ƙasan tanki inda famfo ke zuƙa. A watan Fabrairun 2022 hukumomin Najeriya sun tabbatar da cewa an shigo da fetur mai ɗauke da sinadarin methanol fiye da kima, kuma masu motoci da yawa sun koka da lalacewar injinansu. A tsofaffin motoci masu kafireta, tsananin zafi yana iya mayar da fetur tururi a cikin bututu, ya hana shi isa inji.

Matsalar wuta

Idan mota ta mutu nan take, kamar an murɗa makulli, zargi ya fi karkata ga wuta. Babban abin da ake tuhuma a motocin zamani shi ne sensar kirankishaf, wadda ke sanar da kwamfutar mota, wadda makanikai ke kira birenbos, saurin juyawar inji da matsayin fistan. Idan saƙonta ya yanke, kwamfutar takan dakatar da wuta da mai gaba ɗaya. Ita ma tana yawan kasawa da zafi, ta farfaɗo bayan mintuna. Sauran dalilai sun haɗa da ƙonewar fis, lalacewar rile, kwancewar kan batir, da mutuwar koyil a motocin da koyil ɗaya ke ba dukkan fulogai wuta.

Altaneta tana da nata salon. Idan ta daina caji, mota takan ci gaba da tafiya da ragowar wutar batir. Alamar batir tana kamawa a dashbod, fitilu suna dushewa, daga ƙarshe inji ya tsaya kuma kik ya kasa juya shi.

Mazaunin makulli ma yana iya zama sila. A shekarar 2014 kamfanin General Motors na Amurka ya janye ƙananan motoci kimanin miliyan 2.6, ciki har da Chevrolet Cobalt, saboda makullinsu yana iya zamewa ya kashe inji a cikin gudu, jakar iska kuma ta ƙi buɗewa. An danganta mutuwar mutum 124 da wannan lahani.

Matsalar iska

Motar da ke mutuwa idan an ɗaga ƙafa daga totur, ko a danja, ko a cunkoso, galibi matsalarta tana ga silo. Datti a bakin totur, lalacewar bawul ɗin da ke daidaita silo, tsagewar tiyon iska, ko dauɗar sensar da ke auna iska duk suna ɓata ma'aunin mai da iska. A yankunan da ake ƙurar hunturu filtar iska tana saurin toshewa fiye da yadda littafin mota ya ƙiyasta.

Matsalar jikin inji

Wannan ita ce mafi tsadar gyara. Idan taimin bel ya tsinke, inji yana tsayawa nan take, kuma idan aka yi kik za a ji yana juyawa da sauri ba nauyi. A injina da yawa fistan yakan daki bawul ya lanƙwasa shi. Ƙarewar ruwan lagireto ko ta baƙin mai tana sa inji ya yi zafi har ya cije. Alamarsa ita ce kik ya ƙi juya inji duk da batir na da ƙarfi.

Matakan bincike

Bincike nagari yana farawa da tambayar direba: a wane gudu motar ta mutu, inji na da zafi ko sanyi, wace fitila ce ta kama, kuma yaushe aka sha mai na ƙarshe. Daga nan ake bin matakai daga mai sauƙi zuwa mai wuya:

1. A duba yawan mai, ruwan lagireto bayan inji ya huce, baƙin mai da kawunan batir.
2. A murɗa makulli ba tare da tayar da inji ba. A yawancin motoci masu injekta za a ji ƙugin famfon mai na daƙiƙa biyu zuwa uku daga wajen tanki. Shiru yana nuna famfo, fis ko rile.
3. A auna batir da mita. Cikakken batir yana nuna kusan bolt 12.6, idan kuma inji na aiki ya kamata ya kai tsakanin 13.5 da 14.5. Ƙasa da haka yana nuna altaneta.
4. A gwada ko fulogi yana ba da tartsatsi, a kuma auna ƙarfin turin mai.
5. A jona na'urar karanta lambobin matsala.

Tsarin OBD-II ya zama dole ga motocin da ake sayarwa a Amurka tun 1996, Tarayyar Turai kuma ta wajabta makamancinsa ga motocin fetur a 2001. Saboda haka yawancin motocin tokumbo suna da soket mai baki 16 a ƙarƙashin dashbod. Lambar P0335 tana nufin da'irar sensar kirankishaf, P0340 ta sensar kamshaf, P0171 iska ta rinjayi mai, P0300 kuma silinda suna tsallake wuta. Lambar tana nuna ɓangaren da kwamfuta ta ga matsala ne kawai. Tsinkakkiyar waya da lalatacciyar sensa suna iya ba da lamba iri ɗaya, don haka sayen sabon kaya kafin a gwada tsohon yana yawan jawo asarar kuɗi, motar kuma ta sake mutuwa.

Abin da direba zai yi

Idan inji ya mutu a cikin gudu, ana shawartar direba ya kunna fitilun gargaɗi, ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya mayar da giya firi, ya gangara gefen hanya. Birki yana da ragowar ƙarfin taimako na taku kaɗan, don haka ya fi kyau a danna shi sau ɗaya a riƙe, maimakon a yi ta dannawa ana saki. Ba a zare makulli mota na tafiya, domin sitiyari zai iya kullewa. Bayan an tsaya, a sa alamar kusurwa uku a nesa da bayan mota, fasinjoji su koma can gefe. Idan jar fitilar baƙin mai ko ta zafi ta kama kafin inji ya mutu, ko an ji ƙarar ƙarfe, kada a sake tayar da shi sai makaniki ya duba.