Tafkin Nyos: ta yaya za a yi fim a kan abin da ido bai gani ba?

Duk wanda ya ɗauki kyamara zai shirya fim a kan bala'in Tafkin Nyos na ƙasar Kamaru, tambayar farko da za ta tare shi ita ce: me zai nuna? A daren 21 ga Agusta 1986 mutum 1,746 suka rasu, da dabbobi wajen 3,500, amma babu gobara, gidaje na nan tsaye. Da yawa a shimfiɗarsu aka same su kamar masu barci.

Ga abin da ya faru. Tafkin yana cikin bakin tsohon dutse mai aman wuta ne, zurfinsa kusan mita 200. Shekara da shekaru iskar kabon dayokzaid na tsattsafowa daga ƙarƙashin ƙasa tana narkewa a ruwan can ƙasa. Ran nan sai ta yi tashin kwalbar lemo da aka girgiza aka ɓalle murfin. Da yake ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, sai ta gangara kwari kamar ruwa, har kusan kilomita 25, ta shaƙe ƙauyukan Nyos da Cha da Subum.

To, a nan ne nake ganin darakta zai iya ɓata rawarsa da tsalle, in ya cika allo da hayaƙin kwamfuta da kiɗan tsoro. Abin tsoron yana cikin shirun ne: fitila ta mutu da kanta, shanun Fulani Mbororo zube a tudu ko ƙuda babu a kansu, ruwan tafki ya wayi gari jawur. Sauran labarin kuwa yana bakin waɗanda suka farfaɗo bayan sa'o'i suka tarar gida kaf ba mai motsi. Sun fara tsufa, a hanzarta a naɗi muryarsu da harshensu, kada a sa musu magana a baki.

Kuma kada fim ɗin ya tsaya a 1986. An kafa bututun fitar da iskar a 2001, aka ƙara biyu a 2011. Amma in bangon tafkin ya fashe, ruwan kogin Katsina-Ala zai biyo, ya nufo Taraba da Binuwai. Fargabar nan na cikin dalilan gina dam ɗin Kashimbila.