Ziyarar Tsohuwar Tashar Sawakin: Abin da Matafiyi Zai Gani da Wanda Ba Zai Gani Ba

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu yi bayani a kan tsohuwar tashar jiragen ruwa ta Sawakin, wadda ke gaɓar Bahar Maliya a gabashin ƙasar Sudan, ta fuskar abin da matafiyi yake tararwa idan ya kai mata ziyara. Abin da ya sa muka zaɓi wannan gari shi ne, shekara da shekaru a nan ne tafiyar ƙasa take ƙarewa ga ɗimbin maniyyatan da suka taso daga ƙasar Hausa da Barno. Daga Sawakin sai ruwa, daga ruwa sai Jidda. Ra'ayin da muke son kafawa shi ne, kufan da baƙo yake gani a tsibirin labarin attajirai da mahukunta kaɗai yake bayarwa. Labarin alhazanmu kuwa ba ya cikin waɗannan duwatsu, sai an neme shi a wani wuri dabam.

2.0 Fasalin Garin

Sawakin tana kimanin kilomita 60 kudu da Fot Sudan, wadda Larabawa ke kira Bur Sudan. Garin kashi biyu ne. Akwai na tudu, wanda ake kira Gef, inda kasuwa take, kuma inda mutanen Beja, watau 'yan asalin wannan yanki, suka fi yawa. Sa'an nan akwai ɗan tsibiri kewayayye kamar faifai, wanda mutum zai iya zagaye shi da ƙafa cikin rabin sa'a. Tsibirin yana kwance ne a ƙarshen wani siririn mashigi da ya kutso daga teku ta tsakanin duwatsun murjani. Wannan mashigi shi ne sirrin garin: ya kare jirage daga iska da igiyar ruwa, har ya kasance a zamanin jiragen da iska ke kora, jirgi yakan tsaya a bayan gidan mai shi a sauke kaya.

Wanda ya zo ta mota zai fara cin karo da Ƙofar Kicina, wadda aka gina a 1886 lokacin da Kicina yake gwamnan wannan gaɓa, aka kuma kewaye Gef da ganuwa saboda tsoron mayaƙan Mahadi. Daga nan sai ya ratsa kasuwa ya iso wata 'yar hanya da aka cike ruwa aka yi a 1877, a zamanin Janar Godon. Kafin wannan shekara ba a shiga tsibirin sai da kwalekwale. Ibn Baɗuɗa, wanda ya sauka a nan wajen 1330, ya ambata cewa babu ruwan sha a tsibirin, babu shuka, sai dai a kawo ruwa cikin jirage. Ya kamata baƙo ya riƙe wannan a zuciyarsa, domin gari ne da ciniki kaɗai ya kafa shi.

Ba za mu daɗe a kan jerin waɗanda suka mulki garin ba. Tauraronsa ya haska ne bayan faɗuwar tashar Aizab da ke arewa da shi a ƙarni na 15. A ƙarni na 16 ya shiga hannun Turkawan Santambul, a 1865 kuma aka miƙa shi ga Khidiwi Isma'il na Masar. Buɗe mashigin Suwes a 1869 ya ƙara masa arziki ƙwarai, shi ya sa da yawa daga cikin manyan gine-ginen da ake ganin ɓurɓushinsu na wannan lokaci ne, alal misali gidan kwastan da masaukin fatake na Shinnawi.

3.0 Ginin Murjani da Dalilin Rushewarsa

Abin da ya fi kama idon baƙo shi ne tsibin fararen duwatsu ko'ina, nan bango ya tsaya shi kaɗai, can ƙofa ta tsira babu ɗakin da za a shiga. Mafi yawan masu ziyara sukan ɗauka yaƙi ne ya yi wannan ɓarna. Ba haka ba ne. Usman Digna, kwamandan Mahadi, ya matsa wa garin lamba tun daga 1883, amma bai taɓa cin sa ba. Abin da ya kashe Sawakin shawara ce da aka yanke a ofis.

Kafin mu zo ga wannan shawara, sai mun fahimci irin ginin. In mun ce murjani, ba muna nufin jan dutsen da mata ke sa wa a wuya ba. Farin dutse ne mai huji-huji kamar saƙar zuma, wanda ake sarowa daga bakin teku, marar nauyi, mai sauƙin sassaƙa. Magina sukan jera shi, su riƙa gitta itace a cikin bangon don ya ɗaure, sa'an nan a shafe shi da farar ƙasa ciki da waje. Gidajen sukan kai hawa biyu ko uku, da tagogin katako masu ɓullowa waje, waɗanda ake kira roshan. Aikin roshan biyu ne: yana jawo iskar teku cikin ɗaki, yana kuma bai wa matan gida damar kallon titi ba tare da an gan su ba. Irin wannan gini ne ake gani a tsohuwar Jidda da Musawwa, don haka wanda ya taɓa zagaya tsohon garin Jidda zai iya kwatanta yadda Sawakin take a dā.

To amma wannan dutse yana da lalura. Yana shan ruwa, yana shan gishiri. Muddin shafen da ke jikinsa ya ɓamɓare, raɓar teku da ruwan saman da ake yi a wannan gaɓa lokacin sanyi sai su shige shi, itacen da ke ciki ya ruɓe, bango ya buɗe. Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani a nan, domin ya san abin da ke samun soron ƙasa idan aka yi damina biyu ko uku ba a yi masa yaɓe ba. Ginin murjani ma haka yake, rayuwarsa tana hannun mai gida.

Shawarar da muka ambata ita ce ta gwamnatin haɗin gwiwar Ingila da Masar, wadda ta ga cewa mashigin Sawakin ya yi wa manyan jirage masu tururi ƙunci, ga kuma murjani yana ƙara toshe shi. Saboda haka a 1905 aka fara gina sabuwar tasha a wurin da ake kira Marsa Shaikh Bargut, aka buɗe ta a 1909 da sunan Fot Sudan. Kwastan ya tashi, bankuna da kamfanoni suka bi, attajirai suka kulle gidajensu suka koma inda kasuwa ta koma. Da Jean-Pierre Greenlaw ya buga littafinsa kan waɗannan gine-gine a 1976, yawancin abin da ya zana ya riga ya zube, har ya zama zane-zanensa ne madogarar masu bincike.

An yi ƙoƙarin gyara. An sa garin cikin jerin wuraren da Sudan ta gabatar wa UNESCO a 1994. Hukumar TIKA ta Turkiyya ta gyara masallatai biyu na tsibirin, na Hanafiyya da na Shafi'iyya, da gidan kwastan, kuma a watan Disamba na 2017 shugabannin ƙasashen biyu suka amince a faɗaɗa aikin. A ganinmu gyaran ya yi amfani, amma gyaran masallaci biyu bai mai da kufai gari ba. Daɗin daɗawa, yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023 ya sa ziyarar ta yi wuya ƙwarai.

4.0 Sawun Alhazai

Yanzu sai mu juya ga abin da ba a gani. Burckhardt, wani matafiyi ɗan ƙasar Suwizalan, ya iso Sawakin daga Shandi a 1814 cikin ayarin da ke ɗauke da Takari, watau maniyyata baƙar fata daga Darfur da Barno da ƙasashen da ke yamma da su. Ya bayyana su a matsayin matalauta masu tafiya a ƙasa, da yawansu masu karatu, suna ci da rubutun laya da sadaka. A Gef ayari yake sauka, domin tsibiri na masu hali ne. Mai bukka da tabarma kuwa ba ya barin kufai.

Wannan hanya ta ƙara cika bayan 1903, shekarar da aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira gabas da sauran jama'a, har suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu Shuɗi, kusa da Sinnar. Daga baya hanyar ta daidaita: daga Kano zuwa Maiduguri, zuwa Fallomi, wadda ake kira Injamena tun 1973, zuwa Abeshe da Janaina, har Ubayyid, inda jirgin ƙasa yake ɗaukar mai kuɗin tikiti. Wanda guzurinsa ya ƙare sai ya tsaya ya yi ƙodago, musamman tsinkar auduga a gonakin Jazira da aka buɗe a 1925. Shi ya sa hajjin wancan zamani yakan ci shekaru, wani ya tafi saurayi ya dawo da furfura, wani kuma bai dawo ba sam.

Wani abin lura a nan shi ne, ko bayan da ciniki ya koma Fot Sudan, Sawakin ta ci gaba da zama tashar alhazai. A nan ake killace su don binciken lafiya, a duba takardunsu, su jira jirgi. Waɗanda ba su da takarda ko kuɗi sukan yi kasadar hawa sambuk, wani ƙaramin jirgin katako mai tafiya da iska, a ƙetare da su a ɓoye. Watau ke nan a daidai lokacin da gidajen tsibiri ke zubewa, a lokacin ne Hausawa suka fi yawa a garin. Amma mai yi wa baƙi jagora zai nuna masa gidan Khurshid da Ƙofar Godon, da wuya ya nuna masa inda waɗannan bayin Allah suka yi zaman jira. Har ila yau aikin ƙetarawa bai mutu ba, gama a 1991 an buɗe sabuwar tasha kusa da tsibirin mai sunan Usman Digna, don jigilar fasinja da dabbobi zuwa Jidda.

Masana sun taɓa wannan fanni. Umar al-Naqar ya rubuta tarihin hajjin Afirka ta Yamma a 1972, J. S. Birks ya bi sawun masu tafiyar ƙasa a littafinsa na 1978, C. Bawa Yamba kuma ya yi nazari a 1995 kan Hausawan Sudan waɗanda suka haifi 'ya'ya da jikoki a can, amma suna ɗaukar kansu matafiya ne da ba su ƙarasa ba tukuna. Duk da Ingilishi aka rubuta waɗannan ayyuka. Saboda haka matafiyin da ya je Sawakin da niyyar bincike, in hali ya yi, kada ya tsaya a tsibiri. Ya zauna da dattawan Gef da na unguwannin Hausawa a Fot Sudan da Kasala da Gadarif, ya ɗauki maganarsu da harshensu. A gida ma akwai aiki, domin tun da jirgin sama ya karɓe jigilar alhazai, waɗanda suka ƙetare ta Sawakin a shekarun 1950 saura kaɗan.