Ziyarar Bishop a Zamfara: dokar da ta tilasta wa shugaba ya je ya gani da idonsa

Duk wanda zai tashi daga Sakkwato zuwa Gusau sai ya yi tafiyar fiye da kilomita 200, ya ratsa Talata Mafara da Maru da Bungudu. Idan ya zarce gabas, sai ya bi ta Tsafe kafin ya isa Funtuwa. Hanya ce da matafiya ke hawa da addu'a a baki saboda 'yan bindiga. Ita ce kuma hanyar da ta haɗa Bishop Matthew Hassan Kukah, shugaban darikar Katolika na Sakkwato tun 2011, da mabiyansa na Gusau. Bin ta wajibi ne a kansa.

Me dokar ta ce?

Kundin dokokin Cocin Katolika na 1983, a sashe na 396, ya wajabta wa kowane bishop ya zagaya yankinsa duk shekara, ko dukkansa ko wani ɓangare, ta yadda cikin shekara biyar babu inda bai taka ba. Sai da uzuri karɓaɓɓe zai wakilta wani. Sashe na 398 ya gargaɗe shi kada ziyararsa ta ɗora wa jama'a kashe kuɗin da bai zama dole ba.

A irin wannan ziyara bishop yana jagorantar ibada, yana duba littattafan da ake rubuta baftisma da aure da mutuwa, yana kuma sauraron kukan mabiya. A inda ake binne mutane babu ƙaƙƙautawa, littafin mamata kaɗai ya isa ya gaya wa shugaba halin da jama'arsa ke ciki.

Tarihin Katolika a Gusau

Cocin ba baƙo ba ne a garin. Limaman ƙungiyar Dominikan daga Amurka sun zauna a Gusau tun shekarun 1950, kuma a 1956 'yan uwansu mata daga jihar Kansas suka iso suka kama aikin koyarwa da jinya. Duk da haka Kiristoci tsiraru ne a jihar da ta fara ƙaddamar da shari'ar Musulunci a watan Oktoban 1999, zamanin Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura. Ga mai tsoron an manta da shi, ganin shugaba a ƙofar cocinsa ya fi doguwar huɗuba ƙarfafa imani.

Kukah ya san zafin rashi. A ranar 11 ga Fabrairun 2020 ya yi huɗuba a jana'izar Michael Nnadi, ɗalibin limanci ɗan shekara 18 daga yankinsa, wanda aka sace a Kaduna aka kashe. Ya caccaki gwamnatin Muhammadu Buhari, amma ya ja kunnen Kiristoci kan ramuwar gayya. A Mayun 2021 aka kashe limaminsa Alphonsus Bello a Malumfashi, wadda take ƙarƙashinsa kafin a ba Katsina nata bishop a 2023.

Bala'in da bai tambayi addini ba

Mafi yawan waɗanda ake kashewa da sacewa a Zamfara Musulmi ne. A Satumban 2021 aka sace Sarkin Bungudu, Alhaji Hassan Attahiru, a hanyar Kaduna zuwa Abuja. A Satumban 2023 aka kwashe ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau daga ɗakunan kwanansu a Sabon Gida, cikin ƙaramar hukumar Bungudu. A Yulin 2022 kuwa, Masarautar 'Yandoto da ke Tsafe ta naɗa ƙasurgumin ɗan bindiga Ado Aleru sarautar Sarkin Fulani, alamar yadda tura ta kai bango.

Saboda haka darasin ziyarar ya wuce bangon coci. A 2013 Fafaroma Francis ya buƙaci limamai su zama makiyayan da warin tumakinsu ya kama jikinsu. Musulunci ma ya kamanta shugaba da makiyayin da za a tambaya game da abin kiwonsa. Bafulatanin Tsafe ba ya buƙatar a fassara masa wannan.

Ba kowa ke yaba wa Kukah ba. Saƙonsa na Kirsimetin 2020 ya fusata wasu ƙungiyoyin Musulmi a Sakkwato, har suka buƙaci ya nemi afuwa ko ya bar jihar. Ziyara kuma ba ta dawo da wanda aka sace, ba ta buɗe gonar da aka hana nomawa.

Amma akwai tambayar da ta rage wa matasa masu ƙuri'a. Bishop ba zaɓarsa jama'a suka yi ba, ba shi da kason tsaro, amma doka ta ƙayyade masa shekara biyar ya ga kowa. Sanata da ɗan majalisa da aka ba wa'adin shekara huɗu, yaushe rabon da a gan su a ƙauyukan Tsafe da Bungudu ba lokacin kamfe ba?