Amsoshin Takardunku: Hoton 'Ya Mace a Waya

Wani mai sauraronmu daga Rurum Tsohon Gari, ƙasar Rano, ya aiko da takarda yana cewa 'yarsa na ɗora hotunanta a Facebook da TikTok. Shin akwai illa?

To Malam, akwai kam. Hoto a waya kamar magana ce, zarar bunu. Ko ta goge nata, wanda ya kwafa yana riƙe da nasa, kuma kafin ƙiftawar ido ya kai Kibiya. A 2007 bidiyon sirri na wata 'yar fim, wanda aka ɗauka da waya, ya bazu a Kano. Sunanta ya ɓaci, har aka dakatar da shirya fina-finai na watanni. Yanzu dangin manemi ma kan leƙa shafin yarinya kafin su kawo gaisuwa.

Sannan hasken fatar da take gani a hotunan wasu, galibi na'ura ce ta gyara. Kada ya ruɗe ta ta kama shafa man bilicin, wanda hukumar NAFDAC ta yi gargaɗin yana iya taɓa ƙoda.

Ka zauna da ita cikin lalama, ku rufe shafin sai ga dangi. Allah ya shirya mana zuri'a.